Ƙasar da Na Ɗebar wa Saratu

Bana ruwa ya yi mamu rowa. Watan shuka ya shigo har ya yi nisa, sama kau fes, ko ɗan gajimaren rarrashi babu. Ɗana Habu ya gaji da ɗaga kai, ya saɓi sungumi ya tafi ya yi binne, ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah sauran. Da ya dawo ya zube bakin ɗakina yana ta mita, wai shi tun da yake bai taɓa ganin bazara mai mugunta irin wannan ba. Na ce mashi don Allah ya rufe mani baki. Mutum da buhunan masara jingine a ɗaki, ga ƙani a Kano, autana, da ake kira a waya ya aiko da abin cefane kafin la'asar, shi ne zai zauna yana ba ni labarin bazara? Ya yi dariya ya ce to, yau kuma Inna da faɗa ta tashi. Ba faɗa na tashi da shi ba. Wata shekara ce ta faɗo mani a rai, shekarar da ba na son komawa ko a mafarki, kuma bana sai da aka maida ni cikinta ƙarfi da yaji.

Shekara arba'in ke nan da 'yan kai. A lokacin ƙauyenmu, nan yamma da Kaikai, bai fi gida talatin ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero na fidda kai, abin da muka ɗaure ko rabin rumbu bai kai ba. Mijina Sale ya ga ba zama, tun kaka ya tafi cin rani Kudu, ya ce in Allah Ya so kafin ruwan shuka yana gida. Daga nan ba shi, ba saƙonsa. Ya bar ni da 'ya'ya huɗu: Habun nan yana ɗan shekara bakwai, ƙannensa mata biyu, sai Ladi a goye. Kafin bazara ta raba tsakiya na shiga rumbu na share shi da tsintsiya, na fito da abin da bai cika ƙwarya ba, rabinsa ma kashin ɓera.

Kullum yinin iri ɗaya ne. Da na sallame asuba sai rijiya, don wadda ta makara laka za ta jawo. A bar ruwan ya kwanta a tulu, na sama mu sha, na ƙasa a ba jaki. Sannan daji, mu bi gindin geza da sabara muna neman yaɗiya, mu kakkaɓo aduwa, mu tsinko ɗanyen ganyen tsamiya. Kafin hantsi ya yi ƙarfi ƙasa ta ɗauki zafin da ba ta takuwa, iskar ma in ta buso sai ka ji kamar an buɗe murhu. A dawo a dafa ganye, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri kaɗai. Da yamma kunun dusa, tsararo. Yara suka daina wasa a tsakar gida, sai dai su kwanta gindin bango suna bin inuwa, in ta matsa su matsa. Irin gero tiya biyu na cikin wani ƙaramin tulu, na cakuɗa shi da toka, na liƙe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gado. Sun san yana nan. Babu wanda ya taɓa tambayata, sai dai in na shiga ɗaki in tarar da ɗayansu zaune kusa da gadon.

Dabara ɗaya na yi a shekarar da nike alfahari da ita. Da rani wani Bafillace mai suna Buba ya sauka da shanunsa kusa da mu. Na je na same shi na ce ya kafa turakunsa a tsakiyar gonata, shanu su cinye kara da harawar da ke wurin, su bar mani kashinsu. Wata biyu suna kwana a nan. Da suka tashi, mashekarin nan, wato makwancin shanun, ya yi baƙi wuluk da taki, ga shi dama ɗan kwari ne mai riƙe danshi. Gefunan gonar kau jigawa ce, rairayi zalla, ko a shekarar albarka sai da lallashi. Saboda haka duk raina a kan mashekarin yake, in ya yi mun rayu.

Da ruwa ya ƙi zuwa, mu matan da mazanmu ba su nan muka haɗa kai muka yi binne, yau gonar wannan gobe ta waccan. Gwaggo Abu, maƙwabciyarmu, tsohuwa ce amma in ta kama sungumi samari ma sai su ba ta hanya. Ita ke gaba tana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Mukan fara tun gari bai gama wayewa ba, mu tashi in tafin ƙafa ya fara ƙuna. Ranar tawa gonar na fasa bakin tulun nan. Abincin kwana huɗu ne nike zubawa a ƙasa, yara na kallo. Kusan duka a mashekari na zuba shi, gefuna na ɗan yayyafa masu don kar a ce ban yi ba.

Kwana uku da binnen, da hantsi, ina tsakar gida ina tsince ganye, muka ji ƙara daga gabas. Mun saba jin jirgi can ƙololuwa ya wuce abinsa. Wannan kau ƙasa-ƙasa yake tafe, yana tari yana ɗaukewa, baƙin hayaƙi na bin sa. Na ɗaga kai na gan shi ya miƙo sak kan gidajenmu. Wallahi har ƙusoshin cikinsa na gani. Ban gudu ba, ina zan je, na dai jawo Ladi na danne a ƙirji. Sai ya karkata. Fiffike ɗaya ya yi ƙasa ɗaya ya yi sama, ya shafi kan tsamiyar masallaci har ganye ya zubo, ya kauce wa gidaje ya yi arewa. Ƙarar da ta biyo baya sai da ta zubo da ƙasar rufin ɗakina. Duk wanda ya gani da idonsa ya san ba iska ce ta kauda shi ba, hannun mutum ne. Kuma a tsakiyar gonata ya faɗi.

Mazan da ke gari suka ruga da fartanya da kwanduna suna watsa ƙasa, don ruwan sha ma ba mu da shi balle na kashe wuta. Wutar ba ta bari an matso ba. Mutum uku ne a ciki, sojoji, babu wanda ya fita. Warin man jirgi da na abin da ba zan faɗa ba ya yi kwanaki a hancinmu. Kafin la'asar motocin soja suka iso ta hanyar Kankiya, suka keto ta cikin gonaki, suka zagaye tawa da igiya. Mako guda suka yi suna kwasa. A kwana na huɗu hadari ya haɗo da azahar, ruwan shuka ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna tsalle, kafin sojojin su gama gonakin mutane sun yi tsiri-tsiri kore. Ni kau ina tsaye bayan igiya ina kallon tayar mota na kwaɓa irina cikin taɓo.

Ranar da za su tafi, babbansu ya kira mai unguwa Garba. Suka ɗauko wani yankin fiffike, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, suka kafa shi daidai inda goshin jirgin ya nutse, suka tara duwatsu a gindinsa. Hafsan ya auna fili da ƙafarsa ta kowane gefe, ya ce wannan wuri a bar shi, kar a noma, don girmama waɗanda suka mutu a kansa. Abin da ya auna ɗin shi ne mashekarina, kaf. Mai unguwa ya ce to ranka ya daɗe, an gama. Da gonata ya yi kyautar, ina tsaye a wurin da goyo, ko kallona ba a yi ba. Kar in yi masu ƙarya, sun bar wa gari buhun garin rogo, na samu kwano guda. Liman ya tara mutane ya ce ba mu san sunan waɗannan bayin Allah ba, ba mu san garinsu ba, amma mun san da ransu suka fanshi namu. Kowa ya yi hawaye, har ni. Ɗakina ne na farko a layin da jirgin ya miƙo, ba sai an gaya mani ba.

Gwaggo Abu ta kawo mani rabin tiya na irin da ya rage mata, a ƙulle a gefen zane, ta ce in yi sauri danshi na gudu. Na je gona na tsaya. In na zuba shi a jigawa na san abin da zan girba, kara ne. Ga baƙar ƙasar da na yi wata biyu ina tanadi, an kafa mata ƙarfe a tsakiya. Kwana biyu ina zuwa ina komawa da irin a ƙugu. Na ce a raina, su sun riga sun tafi, gawarsu ma an kwashe, ba su san inda aka kafa ƙarfe ba; nawa kau huɗu ne, kuma gobe da safe za su buɗe baki. Ba Shaiɗan zan ɗora wa ba. Da hankalina na yi tunanin, da hankalina na zaɓi rana.

Ranar Juma'a maza suka yi wanka suka ɗunguma masallaci Kusada, gari ya rage daga mata sai tsofaffin da ba su iya tafiya. Na bar manyan yaran wurin Gwaggo Abu, na goya Ladi, na ɗora wa jaki mangala. Sawu bakwai na yi da duwatsun nan. Fiffiken ya ƙi fita, na yi ta girgiza shi ina tona gindinsa da fartanya, bakinsa ya tsaga mani tafin hannu, tabon na nan har gobe. Na ja shi a ƙasa har ƙarshen gona, bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Nan gindin wani kalgo na kafa shi, na jera duwatsun yadda na gan su. Sannan na koma na sare mashekari na shuka, jini na ɗiga cikin irin. Ina rufe ramukan ƙarshe masu Juma'a suka fara dawowa, kuma ta burtalin nan hanyarsu take.

Duk sun gani. Sun fi mutum ashirin, wasu a ƙasa wasu a kan jaki. Mai unguwa ya sauke ƙafa daga kekensa, ya dubi ƙarfen, ya dubi tsakiyar gona, ya dubi ɗiyar da ke bayana wadda wuyanta ya kasa riƙe kanta. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, na ma shirya bakina, don ni ba a taɓa ni in yi shiru.

"Sannu da aiki, Indo," ya ce. Ya hau kekensa.

Sauran suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa sannu. Daga ranar har suka koma ga Allah babu wanda ya tada maganar, ko a faɗa ko a wasa. Da zagina ya yi, da na rama na huce. Sannun nan ita ce ta tsaya mani a rai.

To me na samu? Ba komai. Man jirgin ya ƙone ƙasar har ciki. Geron ya tsiro rawaya, ya kai tsawon yatsa, ya kwanta. Na sake da dawar da na roƙo, ita ma haka. Damina uku wurin nan ko ciyawa bai fidda ba, fili ne fari ƙal a tsakiyar gona, kowa na wucewa yana gani. Marka ta zo ta same mu hannu wofi. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo ba ƙaƙƙautawa, ɗaki na yoyo, itace a jiƙe, hayaƙi ya cika ido, abinci kau ganyen tafasa ne safe da yamma har bakin yara ya yi kore. Mutanen gari suka yi mani gayya suka nome gefunan gonar, ba ni da ko kunun da zan ba su, suka ce ba komai. Nono ya ƙafe mani. Ladi ta rasu saura kwana kaɗan a fara cin tumu. Sale ya dawo bayan girbi, ciwo ne ya kwantar da shi a can, ya zama daga ƙashi sai fata. Ya je gona ya dawo, shi ma bai tambaye ni ba.

Da damina ta zagayo, dattawa suka yanke cewa duk shekara in an gama shuka za a taru a gode wa Allah, a raba gumba sadaka, a tuna da mutanen jirgi. A ina? Gindin kalgo, inda ƙarfe yake. A taron farkon nan ne mota ta kawo wata mata, ba ta fi ni shekaru ba, da jaririya a goye. Aka ce matar matuƙin ce, sunanta Saratu, Kirista ce daga wajen Jos, da cikin ɗiyar ya mutu ya bar ta. Hausarta tas. Mai unguwa ya kai ta gaban ƙarfen, sannan ya nuna ni ya ce ga mai gonar, ita ta ba da wurin. Allah Ya jiƙan Garba, ina jin rufa mani asiri yake son yi. Matar nan ta kama hannuwana biyu ta riƙe, tana kuka tana sa mani albarka.

Ta ce akwatin da aka kai mata a liƙe yake, an hana ta buɗewa, har yau ba ta san abin da ta binne ba. Abu ɗaya take roƙo, ƙasar wurin da ya cika, ko cikin hannu ɗaya ce, ta san dai wannan ta taɓa shi. Ta fiddo wani farin ƙyalle ta durƙusa, amma kuka ya ci ƙarfinta. Sai ta miƙo mani ƙyallen.

"'Yar'uwa, ɗebar mini. Ƙasarki ce."

Filin da ya ƙone yana bayanta, nisansa bai kai jifa ba, fari a tsakiyar koren gero. Juyawa kawai za ta yi. Maza sun kewaye mu, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. In ce mata ba nan ba ne, shi ke nan fa abin da ake buƙata daga gare ni. Na durƙusa na kwashi ƙasar burtali, wadda shanu suka tattake da safen nan, na zuba mata, na ƙulle da hannuna. Ta karɓa ta sa a ƙirji. Na ba ta ruwa a sabuwar ƙwarya, na yi wa jaririyar wasa, na raka su har mota.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka zo aka zuba siminti a gindin ƙarfen, aka manna allo mai sunayensu su uku, 'yan makaranta na zuwa da malamansu. Yara irin su Habu da suka taso suna ganin farin filin, an ce masu nan ne mai ya malala, suka yarda. Wurin ma ya warke, yanzu nan ne geronmu ya fi yin kyau. Waɗanda suka dawo daga Juma'a ran nan suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo Abu ta tafi, Sale ya tafi. Ni kuma aka maida ni kayan ado. Duk shekara a shimfiɗa mani tabarma a gaba, a ce ga Inna Indo mai gonar jirgi, wadda ta ba da ƙasarta ana tsakiyar yunwa. In gyaɗa kai. Har masu ɗaukar magana na rediyo sun zo daga Katsina na ba su labari, na faɗi hayaƙi, na faɗi tsamiya, na tsallake Juma'a. Da na ga ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sani, wallahi har wani sauƙi na ji, na ce saura in tafi da abina a rufe.

Bana, bayan duk mitar Habu, ruwa ya sauka, binnensa ya tsiro, aka sa ranar taro. Ina kan tabarmata ana rarraba gumba sai ga mota. Wata mata ta fito, mai gilashi, ta ɗan manyanta, ta tambayi Inna Indo. Tun kafin ta faɗi sunanta na gane goshin Saratu. Ta ce ita ce Rifkatu, jaririyar da na yi wa wasa. Ta durƙusa har ƙasa a gabana, ta ajiye mani turmin atamfa, ta ce mamanta ta rasu da ranin nan, kuma ita ta bar wasiyyar a zo a gaishe ni.

Ta ba ni labari, mutane na saurare. Saratu ba ta sake aure ba. Ƙullin nan yana cikin akwatinta tare da kayan zuwa coci, in abu ya dame ta sai ta fiddo shi ta ɗora a cinya. Ranar auren Rifkatu sai da ta sa ta taɓa shi, ta ce mata ga babanki. Da ciwo ya yi tsanani ta ce kar a sa mata komai a akwatin gawa sai shi, a ƙarƙashin kanta, don su kwanta wuri ɗaya.

"Mun sa mata, Mama," in ji Rifkatu. "Yadda kika ɗaure shi, ba mu kwance ba."

Mata suka yi ta share hawaye. Aka miƙo mani gumba, na riƙe ta har ta marmashe a hannuna. Shekara arba'in ina gaya wa kaina ƙasa ai ƙasa ce. Ashe matar nan a kan turɓayar kofaton shanu ta yi ta kuka, a kanta kuma take kwance yanzu, ni na ɗebo. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, kamar ba zane a jikina. Na san in na ƙara yin shiru kaɗan mota za ta tashi, kowa ya watse da farar zuciya, a binne ni da mutuncina. Sai na ga Rifkatu ta fiddo wata 'yar leda daga jakarta ta nufi gindin simintin, wai za ta ɗebi tata ta kai wa 'ya'yanta.

"Ɗiyata, dakata," na ce. "Ba nan ubanki ya faɗi ba."

Habu ya taso ya ce zafi ne ya bugi Inna, a kawo ruwa. Na ce mashi ya koma ya zauna, ban taɓa zama cikin hankalina irin na yau ba. Na faɗi komai, a gaban liman, a gaban jikokina, a gaban 'yan makaranta: Juma'a, jaki, sawu bakwai, ƙyallen Saratu. Na buɗe tafin hannu na nuna tabon. Ban sa sunan mai unguwa ba, ban sa na kowa ba, su tausayi suka ji, ni na yi aikin. Ban kuma kawo zancen Ladi ba, don kar ya zama da gawarta nike neman rangwame.

Rifkatu ta dube ni. Ta cire gilashin ta goge ta maida. Ta tambaye ni ko mamanta ta tsaya kusa da wurin ran nan. Na ce ƙwarai, baya kawai ta ba shi. Nan ne fuskarta ta canza.

"Kai ni," ta ce.

Na dogara sanda na shiga gaba, ita a baya, ba wanda ya biyo mu sai Habu daga nesa. Gero ya kai idon sawu, kore shar, danshi na shiga tsakanin yatsu. Babu wata alama a wurin yanzu, amma ƙafata ta sani. Na tsaya na ce nan. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye gefe, ta durƙusa. Na sunkuya zan taya ta, ta ɗaga mani hannu ba tare da ta dube ni ba. Da kanta ta tona, a hankali, tana kewaye tsiron geron, har ta cika ledar. Ta ce za ta zuba a saman kabarin, tunda ba za a tone tsohuwa ba.

Na ce, "Rifkatu, don girman Allah ki yafe mani."

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Ni ba ki yi mini komai ba, Mama, yau ma kin nuna mini babana. Wadda za ki roƙa ta yi shekara arba'in tana sa miki albarka, kuma mun rufe ta tun da rani."

Ta ɗauki takalmanta a hannu ta nufi mota. Ni na tsaya a cikin geron, don ban san da wace fuska zan koma kan tabarmar nan ba.